Malmala Biyu a Langar Baba Istifanus

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Ba tatsuniya na zo da ita ba. Tatsuniya ta bayan cin tuwo ce, tawa kuwa da tsakar rana ta faru, a bakin titi, a gaban idon mutane.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauki Baba Istifanus daga layinmu na Gyadi-Gyadi aka kai shi makwancinsa. Ni ban yi boko ba, da damina nake ƙirga shekaru, kuma damina goma sha ɗaya ta sauka a kan kwanon gidansa ba ya ciki. 'Yarsa Rifkatu, malamar makaranta a Darmanawa, ita ke riƙe da biro, ni nake magana. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har abin da ba zai yi mata daɗi ba a kan mahaifinta. Ta ce, “Inna, ai shi ma da haka zai ce.”

Baba Istifanus mutumin Kudancin Kaduna ne, Kirista, tsohon gandiroba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe ƙofar gidan yari yana rufewa, har ya ajiye aiki. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Matarsa Saratu aminiyata ce. In gishirina ya ƙare ta kan katanga nake miƙa hannu. Shi kuwa mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, in yana tafiya sai ka ce har yanzu makullai na rataye a ƙugunsa.

Ina da ɗa. Ba ɗan fari ba ne, don haka bakina na iya kiran sunansa. Zan kira shi Sabo, sunan da muke kiransa da shi a cikin gida, wanda kasuwa ba ta san shi da shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: Sabo ya yi sata. Yana koyon kafinta ya ɗauke injin yankan katako na maigidansa ya sayar. Ba sharri aka yi masa ba, ba kuma zalunci ba ne irin wanda aka yi wa wasu a zamanin soja. Ya yi, an kama shi, alƙali ya ɗaure shi shekara huɗu. Mahaifinsa bai ga fitowarsa ba.

Ya fito a shekarar da soja suka koma bariki suka miƙa wa farar hula mulki. Gari ya cika da murna, rediyo sai maganar 'yanci take, kowa na cewa an buɗe ƙofa. Ni dai na ga ƙofar da aka buɗe wa ɗana, na kuma ga waɗanda aka rufe masa. In ya shiga masallaci, sai ka ga mutum ya koma bakin ƙofa ya ɗauko takalminsa ya ajiye a gabansa. In ya ratsa layi, mata su tuna da shanyarsu. Ya zaga rumfunan kafintoci daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, wata bakwai, ko'ina tambaya ɗaya ce: wa zai tsaya maka? Kawunnansa suka ce suna da iyali. Mai unguwa ya ce a dawo gobe, goben kuwa ba ta zo ba. Na wayi gari na ga ɗana ya daina fita neman, ya fara zama a bakin kwata da waɗansu samari da ban san iyayensu ba. Uwa ta san ƙarar takun ɗanta. Na ji yana komawa inda ya fito, taku ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin haka, wata safiya Baba Istifanus ya yi sallama a zaurenmu. Ya ce, “Maman Sabo, gobe ki tuƙa mini tuwo, malmala biyu, a langa ɗaya. Ki sa nama a miyar.”

Na ce, “Baban Rifkatu, Saratu ta yi yaji ne?”

Ya yi 'yar dariyarsa da ba ta fitowa fili. Ya ce, “In Saratu ta dafa, wani zai ce ba ya cin yankanmu, ya samu ƙofar fita. Ni ba na son kowa ya samu ƙofar fita. Naki kuwa babu mai abin cewa.”

Shi ya kawo langar, fara mai jajayen furanni, bakinta ya ɗan fashe a gefe ɗaya. Washegari da azahar ya ɗora wa Sabo ita, shi ya riƙe buta da tabarma, suka nufi rumfar Alhaji Mudi, babban kafintan Tarauni a wancan lokaci, wanda ya kori Sabo har sau biyu. Bai roƙi Alhaji komai ba. Ya gaishe shi, ya nemi izinin zama a inuwar dalbejiyar da ke gaban rumfar, ya shimfiɗa tabarma. Ya zuba wa Sabo ruwa ya wanke hannu, shi ma ya wanke, suka sa hannu a langa ɗaya. Tsohon gandiroba da tsohon fursuna, gwiwa da gwiwa, masu wucewa na kallo. Da suka gama, Baba ya ciro agogonsa da makullin gidansa ya miƙa wa Sabo, ya ce ya riƙe masa zai zaga. Ya tafi ya daɗe, da gangan. Ya dawo ya karɓi kayansa, ko dubawa bai yi ba. Suka naɗe tabarma suka taho.

Kashegari haka. Jibi haka. Ni ina tuƙi ina mita, don ban ga abin da tuwo zai yi wa zuciyar Alhaji Mudi ba. Ran kwana na tara Alhaji ya ajiye zarto ya fito, ya tsaya a kansu.

Ya ce, “Kai gandiroba, ka mai da mini ƙofar rumfa gidan abinci. Me kake nema ne?”

Baba ya ce, “Inuwa, Alhaji. Taka ta fi ta kowa sanyi.”

“Ka san abin da yaron nan ya yi?”

“Ni na kulle shi, Alhaji, shekara biyu kafin in bar aiki. Na san abin da ya yi, na san kuma abin da bai ƙara yi ba. Bismillah.”

Alhaji ya ce Alhamdu lillahi, kamar yadda kowa ke cewa. Baba bai karɓi wannan amsar ba. Ya janye hannunsa daga langar, ya tura butar gaban ƙafar Alhaji, ya zauna yana kallon tuwon yana hucewa. Ya ce shi a garinsu ba a ci babba na tsaye. Sabo ne ya ba ni wannan labari. Can sai Alhaji Mudi ya yi tsaki, ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna, ya wanke hannu. Loma uku ya yi. Ya miƙe yana cewa miyar ta yi yaji, sannan ya ce wa Sabo, ba tare da ya dube shi ba, “Gobe ka zo da sassafe, ka share rumfa.”

To, wannan shi ne dukan sirrin. Bahaushe na iya sa hannu a takarda ya musa, amma wanda ya haɗa hannu da kai a kwano a gaban jama'a, kunya ba za ta bar shi ya ƙara kiranka ɓarawo ba. Baba ya zauna cikinmu ya gane mu fiye da yadda muka gane kanmu.

Daga kan Sabo abin ya zama ƙungiya. Su biyar ne: Baba, da wani na'ibin limami, da wani mai sayar da kayan gyaran mota mutumin Kudu, da tsofaffin ma'aikata biyu. Ba su da ofis, zauren Baba ne ofishinsu. Duk wanda ya fito daga gidan yari aka kawo musu, sai su tambaye shi abin da hannunsa ya iya, su zaɓi rumfar da ta dace, sannan a aiko mini a ce, Inna, gobe malmala biyu. Na tuƙa wa mai walda, na tuƙa wa tela, na tuƙa wa mai faci. Wani maigidan kwana uku ya isa, wani sai an yi wata. Akwai wani mai gidan burodi da aka yi kwana arba'in a ƙofarsa bai fito ba, Baba ya naɗe tabarma ya ce wannan dutse ne, a nemi wani.

Ba zan ce duk sun shiryu ba, kada Allah ya kama ni da ƙarya. Akwai wanda aka samar wa aiki a garejin babura, sati biyu ya gudu da babur ɗin mutane. Baba ya je ya zauna a garejin nan, kullum, kansa a ƙasa, ana gaya masa baƙaƙen maganganu yana haɗiyewa, har ran da aka gano babur ɗin a wani ƙauye. Na ce masa ya isa haka, ya huta. Ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sati na zagayowa ya aiko a tuƙa.

Yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa. In mutum ya kama aiki ya zauna da gindinsa, sai Baba ya ce masa, daga yau ka daina gaishe ni a kasuwa. Ya ce duk wanda aka gani yana durƙusa wa tsohon gandiroba, an san inda suka san juna. Ya ce aikinsa ya yi kyau ne ran da mutum ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Bai taɓa rubuta sunan kowa a takarda ba. Da ya rasu, bayan gajeriyar jinya, na tsaya a ƙofar gida ina duba fuskokin masu zuwa gaisuwa. Na ga mutanen cocinsu, na ga maƙwabta Musulmi sun cika layi. Cikin waɗanda na tuƙa wa tuwo, huɗu kawai na gani, su ma daga nesa suka tsaya. A ranar na ce biyayya suka yi masa. Yau na ce nan ne kuskurensa, kuma zan dawo kan wannan.

Ƙungiyar ba ta mutu da shi ba. Girma ma ta yi. Wasu masu ilimi suka karɓe ta, suka yi mata rajista, masu ba da tallafi daga nesa suka shigo. Yanzu tana da ofis a Tarauni, hawa ɗaya, da allo a ƙofa, da mota. Yaran da ke ciki ba mugaye ba ne, na rantse. Suna shiga gidan yari, wanda yanzu aka ce a kira shi gidan gyaran hali, suna koya wa mutane sana'a, suna kai musu sabulu da magani. Wannan Baba bai taɓa iyawa ba. Hotonsa na rataye a bangon ofishin, an sa masa gilashi. Amma ba a ƙara aiko mini a ce in tuƙa ba, na ɗora langar a kan sif na manta da ita.

Sai bana, da Ila ya fito. Ila ɗan maƙwabciyata ne, marigayiya Hajiya Kande, magidanci mai 'ya'ya biyu. Faɗa ya yi a tasha, ya ji wa mutum mummunan rauni, ya yi shekara uku. A can ya koyi kafinta, kuma hannunsa na da kyau. Kujerar da nake zaune a kai yanzu shi ya gyara mata ƙafa. Yana ciki surukinsa ya zo ya kwashe matarsa Binta da yaran ya mayar da su gidansa a Daurawa. Da Ila ya fito ya je biko, tsohon ya ce masa magana ɗaya: in har Babbar Sallah ta wuce ba shi da rumfar da yake zuwa kullum da maigidan da za a nuna a ce ga shi, to ya rubuta wa Binta takardar saki. Ban ga laifin tsohon ba. Ni ma na haifi mata.

Ƙungiyar ta yi wa su Ila biki. Na je, don ba shi da uwa. Aka kafa rumfa, aka zo da masu ɗaukar hoto, aka sa musu riguna iri ɗaya, aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowa aka miƙa masa takardar shaida da akwatin kayan aiki, kore shar, da farin rubutu manya-manya a jiki. Ni da ban san baƙi ba, na yi ta shafa akwatin nan ina sa albarka, ina cewa har da ado. Ila ya ɗauki akwatinsa ya shiga gari neman aiki, wata biyu, yana dawowa da yamma kamar an jiƙa shi. Rumfa ba ta ɗauke shi ba. Gidajen da ake neman mai gyaran ƙofa ma, da ya yi sallama aka leƙo aka ga akwatin, sai a ce maigida ba ya nan.

Ran nan Rifkatu ta zo gaishe ni, ta ga akwatin a zaure, ta tsaya cak. Ta ce, “Inna, kin san abin da aka rubuta a nan?” Na ce sunan ƙungiyar babanki mana. Ta ce, “Da sunan, da kuma cewa tallafi ne ga tsofaffin fursunoni. Da Turanci a sama, da Hausa a ƙasa, don kada wani ya ce bai gane ba.”

Jama'a, garin gyaran gira an tsone ido. Mutumin da ya ƙi a gaishe shi a kasuwa don kada a gane mutum, yau da sunansa ake rataya wa mutum ƙararrawa a wuya a tura shi ƙofar gidajen mutane. Da Baba zai ɗaga kai ya ga wannan akwatin, ban san me zai ce ba, don ba mai yawan faɗa ba ne. Ina jin zama zai yi, ya nemi wuƙa, ya fara kankarewa.

Na sa mayafina na hau adaidaita sahu na tafi ofishin. Shugabansu yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na ce masa, “Ɗan nan, wa ya ce ku rubuta wa mutum laifinsa a jikin kayan aikinsa?”

Ya ce, “Hajiya, ba laifinsa muka rubuta ba. Masu ba mu tallafi ne suke son su ga alamarsu a hoto, su tabbatar kayan sun isa hannun waɗanda aka ce. In babu hoto, baɗi babu akwati.”

Na ce, “To, ku ɗauki hoton ku goge rubutun.”

Ya ce fenti ne mai ƙarfi, kuma wai suna so al'umma ta daina ƙyamar waɗannan mutane, shi ya sa ba sa ɓoyewa. Na ce da kyau, to a cikinku wa zai bi Ila rumfa ya zauna da shi? Ya ce suna da takarda da maigida zai cike, suna kuma kiran kafintoci bita sau biyu a shekara a wayar musu da kai, har abinci ake ba su. Na tambaye shi yadda ake ba da abincin. Ya ce kowa da robarsa da cokalinsa, an rufe, tsaf-tsaf. Na ɗaga kai na dubi hoton Baba a bango, na ga shi ma ni yake kallo. Na yi wa yaron godiya na fito. Ba shi da mugunta. Bai dai taɓa ganin Alhaji Mudi ya tsuguna ba.

A kan hanya na ce, ke ma dai da neman nesa, ga rijiya a gidanki. Domin Sabo yau shi ne mai rumfar nan ta Alhaji Mudi. Da Alhaji ya tsufa shi ya bar wa, don 'ya'yansa duk aikin ofis suka bi. Ya faɗaɗa ta ta zama shago mai ƙofar gilashi, ma'aikatansa sun kai goma, ya je Makka sau biyu, ya kai ni sau ɗaya, yanzu shi ma Alhaji ake ce masa. Gado da sif na amaren manyan gidaje shi ke yi, shi ke shiga har uwar ɗaka ya kafa. Dalbejiyar na nan, ta ƙara kauri.

Na same shi a ofishinsa na ciki. Na faɗa masa maganar Ila. Ya tashi ya rufe ƙofa kafin ya amsa.

Ya ce, “Inna, ki yi mini rai. Gidajen da nake shiga, matan aure ne da gwala-gwalai a kan madubi. In aka ce na kawo wanda ya fito daga can, wa zai ƙara buɗe mini ƙofa?”

Na ce, “Kai daga ina ka fito?”

Ya dubi ƙofar da ya rufe. Ya ce, “Inna, a hankali. 'Ya'yana ba su sani ba. Surukaina ba su sani ba. Waɗanda suka sani sun mutu ko sun manta. In na jawo shi, mutane za su tambayi dalili, tambaya kuwa ba ta tsayawa inda aka fara ta. Baba da kansa ya ce mu wuce kamar ba mu san shi ba. Maganarsa nake bi.”

Ya ce zai aika wa Ila buhun shinkafa da kayan Sallah. Na ce surukin Ila ba shinkafa ya tambaya ba. Na tashi, bai iya haɗa ido da ni ba, ya rako ni har bakin titi yana ta “Allah ya huci zuciyarki, Inna.”

Ga inda na ce zan dawo. Baban Rifkatu, ka yi mana alheri wanda bakina ba zai iya biya ba, amma ka bar aikinka da ƙafa ɗaya. Ka koya musu yadda za su ɓace cikin mutane, ba ka koya musu yadda za su juyo su miƙa wa na baya hannu ba. Ka ɗauka kai za ka dawwama a ƙarƙashin dalbejiya. Mutum nawa muka ciyar a langar nan? Yau wasunsu masu gareji ne, wasu masu shago, kowa ya rufe bakinsa ya rufe ƙofarsa, kowa na cewa umarninka yake bi. Su na ofis sun tona abin da ya kamata a rufe, su naka sun binne abin da ya kamata a tuna. Ila na tsaye a tsakani da koren akwati.

Na koma gida na taka kujera na sauko da langar. Na wanke ta da toka. Washegari na tuƙa tuwo, malmala biyu, na sa nama a miya. Na kira Ila na ce, ungo, kai wa Alhaji abincin rana, ka ce daga uwarsa, ka tsaya ka karɓo mini langata. Na san ɗana. Ba zai iya mayar da abincin uwarsa ba, ba kuma zai iya korar wanda ta aiko ba.

Ila ya dawo da la'asar. Na buɗe langar, malmala ɗaya na ciki, ko yatsa ba a sa mata ba. Na ce yaya aka yi? Ya ce, “Inna, da ya ga langar ya daɗe yana kallonta. Ya shiga da ita ciki. Ya ce mini bismillah, na ce Alhamdu lillahi, shi ke nan.” Na ce bai tura maka buta ba? Ya ce a'a. Na ce kai kuma ba ka iya zama ka sa hannu ba? Ya ce, “Haba Inna, bismillar baki ce. Ni ma ɗan mutane ne.” Gaskiyarsa.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Kullum malmala biyu ke tafiya, kullum ɗaya ke dawowa. Abin da ya hana ni fid da rai shi ne dawowar tata. Yana da ma'aikata goma da za su lashe ta kafin a ƙifta ido, bai taɓa ba su ba. Yana cin gefensa ya rufe, ya mayar mini da ɗayar yadda take. Ya san ta wane ne. Shekaranjiya Ila ya dawo da garin katako a wandonsa, ya ce Alhaji ya ce ya riƙe masa bakin wani katako ana yankawa, da aka gama ya ce masa sannu. Na ce riƙe katako ba cin tuwo ba ne. Alhaji Mudi, wanda bai taɓa kwana a bayan ƙofar ƙarfe ba, kwana tara ya yi ya tsuguna. Wanda ya san sanyin simintin wurin nan ya ninka shi har ya wuce.

Kuna son ku ji inda kowa ya ƙare. Alhaji Mudi ya rasu shekara biyu bayan Baba, har ya koma ga Allah bai taɓa gaya wa kowa daga ina Sabo ya zo masa ba. Saratu ta koma garinsu wurin ɗanta, idonta ya yi rauni, muna gaisawa ta wayar Rifkatu. Na'ibin limami da sauran ukun duk sun bi Baba. Wanda ya gudu da babur, an ce yana Legas yana gadi. Yaron ofis ya aiko mini cewa za su duba maganar rubutun a zamansu na gaba. Na ji, ban dai gani ba. Koren akwatin mun kankare shi ni da Ila da wuƙa da yashi, fentin ya fita, amma in rana ta haska shi inuwar baƙaƙen na nan. Binta na Daurawa, ta aiko a ɓoye ta ce tana jira, amma ba za ta saɓa wa mahaifinta ba. Babbar Sallah saura kwana goma sha shida.

Abin da ya rage na Baba Istifanus ba hoton nan na bango ba ne, ba kuma allon ƙofar ofis ba. Langa ce mai fasasshen baki, da sanin abin da ake yi da ita, kuma masu wannan sanin mun ragu saura ni da wanda ba ya son ya tuna.

Don haka, Sabo, Rifkatu za ta kai wannan a buga a jarida, na san ana kawo maka ita shago kowace safiya, kuma ka san sunanka na gida. Ban tona ka ba, ba kuma zan tona ka ba. Amma ka ji wannan daga bakin uwarka. In langar nan ta dawo mini da malmala ranar Alhamis, to ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da titi ya fi cika, ni zan kawo ta da kaina. Mace ba ta cin abinci a bakin titi, balle tsohuwa mai jikoki, balle da namijin da ba ɗanta ba. Na san wannan tun kafin a haife ka. Zan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar nan, Rifkatu ta ce ita za ta riƙe buta. Zan zuba wa Ila ruwa ya wanke hannu, in wanke nawa, in tura butar gaban ƙafarka, in janye hannuna in jira. Tarauni ta zo ta ga uwar Alhaji a ƙasa, tuwo na hucewa a gabanta, ɗanta na tsaye.

Masu tatsuniya in sun gama sukan rufe da kan ɓera. Ni tawa a buɗe zan bar ta, sai ran da na ɗaga murfin langa na tarar an suɗe ta. Ga kunnuwanku nan, na gode. Ni zan je in jiƙa masarar gobe.